Jan da Ke Koɗewa

Daga Barkono zuwa ga Gwaggo

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Auta. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Inna tana gaishe ki. Ta ce bayanta da sauƙi, ciwon kanta ne dai bai warke ba, wato ni.

Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka kwashe wancan karon, ina cewa "ya jiki" kina cewa "wane biki". Ke kunne ya gaji, ni ido dama bai taɓa zuwa aiki ba. To takarda ta raba gardama. Zan rubuta hancina na gogar takarda, direban bas ɗin da ke kai kayan shagonmu ta wajenku ya miƙa miki.

Na san ba ki saba da ni ba. Kakanki da kakan Baba wa da ƙani ne, kuma in ban da zuwan da muka yi duba ki watan jiya, rabona da gidanki tun ina ɗan mitsitsi, lokacin da kika laƙaba mini Barkono. Amma jinin da ya fito da ni zabiya shi ya fito da Auta zabiya, wannan kuwa ya fi zama ɗaki ɗaya kusanci.

Maganar kunnenta ce ta sa na ɗauki biro. Da ta sunkuyo za ta ajiye mana ruwa ɗankwalinta ya zame, na ga wani kaushi mai ɓawo a saman kunnenta na dama, da wasu ƙanana a goshi da kunci. Ba na iya karanta allon talla daga tsallaken titi, amma wannan na san shi, don irinsa ne a goshina da kuncina da ƙeyata. Rana ce ta shuka mana shi tun muna yara. In an ƙyale shi, wani yakan zauna yadda yake, wani kuma ya rikiɗe ya zama daji.

Likitar fata a babban asibitin nan ta fara mini magani, kuma da haske ake yin sa. Kada ki ninke takardar tukuna.

Nas ta kankare ɓawon, ta shafa wani farin kirim, ta rufe da leda da filasta mai kauri yadda haske ba zai shiga ba, ta ce in jira awa uku. Na zauna a benci da goshi a naɗe kamar ƙunshin saƙo. Da lokaci ya yi suka shigar da ni wani ɗan ɗaki, aka kashe fitila, likita ta haska mini wata tocila mai shuɗin haske, ta miƙo mini madubi. Gwaggo, goshina yana ci ja kamar garwashi. Ba duka ba, daidai wuraren ciwon kawai, har da wasu biyu da ban san da zamansu ba. Ta ce kirim ɗin shi kansa ba ruwansa da haske. Fata ce ke shanye shi ta juya shi zuwa wani sinadari, dangin abin da jiki ke haɗa jan jini da shi, kuma lalatattun ƙwayoyin fata sun fi lafiyayyu haɗama, su suka fi tara shi. Kamar ɓeran da ya faɗa gwangwanin fenti ne, duk inda ya ɓuya ana ganin sa.

Sai aka toshe mini ido da baƙin tabarau, aka sauko da wata jar fitila mai faɗin tire daf da goshina, wajen minti goma. Ba zan yi miki ƙarya ba, da zafi, kamar mai na fantsamo maka daga kasko. Nas tana fesa mini ruwan sanyi, ni ina zagin kakannin fitilar. Da aka gama aka sake haska shuɗiyar tocilar. Jan nan ya koɗe, sai ɗan burbushi. Likita ta ce, "Madalla, haka muke so."

Ga inda gizo ke saƙar. Hasken nan ba ya shiga da nisa, iyakarsa saman fata. In ciwo ya yi saiwa, sai wuƙa. Ki turo Auta ta sauka wurin Inna, akwai katifa, ni zan kai ta in dawo da ita. Ba baɗi ba, yanzu.

Ɗanki,
Barkono

Daga Gwaggo zuwa ga Barkono

Ɗana Barkono,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, muna lafiya, ƙafa da sauƙi in ban da safiya. Ka gaishe da Innarka, ka ce na ce Allah ya ƙara mata haƙuri.

Ga takardarka na mayar maka, na bi ta da jan biro. Na shekara talatin ina koyar da 'yan firamare, ban taɓa haɗuwa da mai gaba da ƙugiya irinka ba. Ka tambaye ni lafiyar kafata. Ni ba bango ba ce, ba ni da kafa, ƙafa gare ni. Duk inda ka bar k da d da b tsirara na sa musu ƙugiyarsu. Ka duba ka koya.

Yanzu maganarka. Kai kana goye lokacin da yayan Auta ya kwanta, don haka ba ka sani ba. Shi ma fari ne kamar ku. A wuya nasa ya fara. Na kai shi asibiti, aka yanka, aka sake yankawa, aka sa shi a ƙarƙashin wata na'ura da suka ce haske take harbawa. Ya dawo mini da fata a ƙone, bai kai ƙarshen shekarar ba. Rana ta cinye mini ɗa, na'urar haske ta raka shi, yau kai ka ce in ɗauki 'yar da ta rage in kai a kunna mata rana a goshi.

Kuma da hannunka ka rubuta cewa maganin ya koɗe cikin minti goma. Atamfar da ta koɗe a wankin farko sunanta jabu, mayar wa mai shago ake yi. Maganin da bai iya riƙe launinsa ba, me zai riƙe? Likita ta ce madalla ne don ka tashi ka ba na bayanka wuri.

Auta ba ta rasa komai ba. Tana saƙa huluna da rigunan jarirai, har gida ake zuwa saye. Tagarta labule biyu ne. Kaushin kunnen ina shafa masa mai safe da yamma, yakan yi laushi. Tun ranar da muka binne yayanta nake kare ta daga rana, kuma zan ci gaba da kare ta har ranar da za a fitar da ni daga gidan nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ban nuna mata takardarka ba, ba kuma zan nuna mata ba. Ka riƙa sa hula.

Gwaggonka

Daga Barkono zuwa ga Gwaggo

Gwaggo,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, goshi ya yi ɓawo ya zube, Inna ta amsa gaisuwarki.

Na gode da jan biro. Malamin da ya kamata ya koya mini ƙugiya shi ya ajiye ni a layin baya yana kirana Bature, allo ya zame mini hazo, na bar masa ajinsa tun ina aji huɗu. Abin da na iya, da gilashin ƙara girman rubutu na tsinto shi, ƙugiya kuwa ƙarama ce, tana ɓuya mini. Shi kuma rimin da kika ce, ki bar shi. Ni ko a ƙasa ba na hange, shi ya sa nake matsawa kusa in duba. Ke kin hango daga nesa kin yanke hukunci.

Kin karanta "ya koɗe" kin kawo mini atamfa. Sinadarin nan ba rini ba ne da za a so ya daɗe. Ashana ce. Na tsare likita da tambaya har nas ta fara duba agogo, na kuma karanta abin da na samu. In jan haske ya sauka a kansa, sai ya karɓi ƙarfin hasken ya miƙa wa iskar oksijin da jini ke kawo wa fata. Iskar sai ta haukace, ta ƙone duk abin da ke kusa da ita, ƙwayar ciwon da shi kansa sinadarin da ya zuga ta. Shi ya sa jan ke koɗewa. Ashanar da aka ƙyasta kanta bai yi baƙi ba, ai ba ta kama ba. In aka kashe fitila jan yana nan daram, ran nan ne likita za ta ɓata fuska.

A shagonmu ma haka ne. Rubutu muke bugawa a riguna. Mukan shafa wa ragar da muke bugawa da ita wani ruwa mai kauri a ɗaki mai duhu, mu ɗora zanen, mu kunna fitila. Launinsa na juyawa, da haka muke sanin ya nuna. Maigidana bai taɓa mayar wa mai shago shi ba.

Ni ma na yi tawa gaggawar. Na ce wa likita ta ƙure fitilar mu gama da wuri, ina da aiki. Ta ce in an ƙure, iskar wurin za ta ƙare kafin jini ya kawo wata, jan ya tsaya bai koɗe ba, ni kuma in sha zafin banza. Wuta ba ta ci sai da iska. Kin ga ke nan mai son in tashi in ba wani wuri ba za ta ce a bi a hankali ba.

Fitilar ja ce zalla, babu irin hasken rana da ke gasa mu a cikinta. Na'urar da aka sa Yaya wata aba ce daban, ta ciwon da ya riga ya yi nisa. Allah ya jiƙansa. Amma ki tambayi kanki, yaushe aka kai shi? Lokacin yana ɗan kaushi, ko bayan ya fashe?

Auta ta girme ni. Tana da kai, tana da baki, kunnen ma nata ne. Kin ɓoye mata takarda kamar 'yar aji biyu. Man da kike shafawa kuma laushi yake sa ɓawo, abin da ke ƙarƙashin ɓawon bai san kin shafa ba.

Kin rubuta cewa kina kare ta. Na ɗora gilashina a kan kalmar na duba na sake dubawa. Malama, a nan ke ce kika manta ƙugiya. Ƙare ta kike yi, sannu a hankali, a bayan labule biyu.

Mako mai zuwa za a yi mini na kunci da ƙeya. Daga ƙarƙashin fitilar zan wuce aiki, kya ji labari wurin direba.

Ɗanki, ko kin so ko kin ƙi,
Barkono

Daga Gwaggo zuwa ga Barkono

Barkono,

Muna lafiya. Ka gaishe da Innarka.

Na yi niyyar ba zan ƙara rubuta maka ba. Direba ya yi ta zuwa ina ce masa babu saƙo. Jiya ya tsaya a ƙofa yana nuna fuskarsa da hannu biyu, na kasa jin abin da yake faɗa, sai da ya rubuta mini a bayan kwali. Ya ce ya gan ka a shago, fuska ta kumbura, ido ɗaya a rufe, kunci yana ruwa. Ya ce da ba don bakin ba, da bai gane ka ba.

Gani ya kori ji. Wannan ce fuskar da kake so in saya wa 'yata? Ashanarka ta kama, sai dai gidan ta ƙone.

Kalmar da ka jefe ni da ita kuwa, na binne ɗa, kai ko kaza ba ka taɓa binnewa ba. Ranar da ka wanke wuyan da ya ruɓe, mai wuyan yana kiran sunanka, ka zo ka koya mini inda ake sa ƙugiya. Ban bi wannan takardar da jan biro ba. Ba rubutun ne ke buƙatar gyara ba.

Kada ka ƙara rubuto mini maganar Auta. Amma ka rubuto ka faɗa mini ko idon ya buɗe.

Gwaggonka

Daga Barkono zuwa ga Gwaggo

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ido ya buɗe, baki dama bai rufe ba. Kunci ya saɓe, sabuwar fata ta fito. Inna ta ce a gaya miki ta yi mini faɗan da ya isa mutum uku, kada ki wahalar da kanki.

Direba bai yi ƙarya ba, amma rabin labari ya kai miki. Ba fitilar ce ta ƙona ni ba, rana ce, ni kuma na kai mata kaina. A asibiti sun ce mini kwana biyu bayan magani kada in yarda rana ta gan ni, ko ta taga. Karon farko na bi, don ya faɗo ranakun da shago ke rufe. Wannan karon na kalli madubi na ga jan ya koɗe tas, sai na yi lissafin shago. Ragarmu in launinta ya juya shi ke nan, ko a tsakiyar titi ka shanya ta babu abin da haske zai ƙara yi mata. Na ce to ni ma na nuna. Na ɓare filasta, na hau bayan babur da tsakar rana na kai wa wata makaranta rigunansu.

Washegari Inna ta ja ni asibiti kamar akuya. Likita ta dube ni ta ce, "Wa ya ce maka maganin ya ƙare?"

Na ce, "Madubi."

Ta ce, "To ka koma wurinsa ya rubuta maka na kumburi."

Sai ta kashe fitila, ta haska shuɗiyar tocilar a ƙeyata, inda filasta da kwalar riga suka rufe, rana ba ta taɓa ba. Ta haɗa mini madubi biyu. Jan da na gani ya mutu jiya, ga shi ya dawo, kaɗan, amma yana nan. Raga matacciya ce, fata kuwa rai gare ta. Ragowar kirim ɗin da ta shanye tana nan tana juya shi bayan an kashe fitila, sabon ja yana taruwa, har a lafiyayyar fatar gefe. Rana ta same shi ta ƙyasta, babu nas mai ruwan sanyi, babu mai cewa ya isa.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na faɗa kafin ki faɗa. Amma kada ki ɗauki wautata ki ɗinka wa Auta labule na uku da ita. Ki tambayi direba goshina, ba kuncina kaɗai ba. Goshin da na bi doka a kansa ya yi sumul, in na shafa ba na jin komai, abin da rabona da shi tun ina ɗan sha biyar.

Kin ce kada in ƙara maganar Auta. Ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Duk makon da muka ɓata muna musu, abin da ke kunnenta ba ya jiran mu gama.

Inna ta ce in ba ki haƙuri kan kalmar nan. Na ba ki haƙurin yadda na faɗe ta, da maganar Yaya da na taɓo ban san zurfinta ba. Ita kanta kalmar ban janye ba.

A ƙullin nan akwai hula mai faɗin baki da gilashin karatu irin nawa. Na Auta ne. Ki haɗa mata da takardun.

Ɗanki,
Barkono

Daga Auta zuwa ga Barkono

Ƙanena Barkono,

Sallama da gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da abin da ka sani. Ka gaishe mini da Inna. Da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, nake rubutu don in ga abin da nake yi, kai ma ka huta da gilashi.

Ba sai Umma ta ba ni takardunka ba. Tun da kunnenta ya yi nauyi, in tana karatu da ƙarfi take yi, ita a zatonta a zuci take. Takardunka duka daga ɗakina na ji su, har da zagin kakannin fitila. Nata ma tana rubutawa tana faɗa. Maganar ƙugiyar nan ta maimaita ta ya fi a ƙirga, daga nan ta shiga banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Kai mara kunya ne. Ba ka ga Yaya ba, ni na gan shi. Ni nake riƙe kwano in tana wanke masa wuya. Labulen nan ma ba ita kaɗai ta rataye shi ba, ni na miƙa mata ƙusa, don ni ma tsoro nake ji. Ba kai za ka koya mata son ɗa ba.

Amma ku biyun kun sa kunnena a tsakiya kuna ta ja, kamar ba a jikin mutum yake ba. Kai ka ce a turo ni, ita ta ce ba za ta turo ni ba. Ni buhu ce?

Kunnen ya fara jini in na kwanta a kansa. Na jima ina juya rigar matashi don kada ta gani. Jiya na ɗauko matashin na ajiye a gabanta, na rubuta mata a takarda cewa zan bi bas ranar da direba ya dawo. Na ce ba izini nake nema ba, albarka nake nema. Ta kalli matashin, ta kalle ni. Da safe na tarar ta sauko da jakar tafiyarta daga saman kabad ta goge, ta sa mini safar hannu da laima a ciki.

Hular ta yi mini yawa, amma za ta yi. Ka gaya wa Inna ina tafe. In mun je gaban likita ka iya bakinka, ba na son a fara sanina da kai.

Yayarka,
Auta

Daga Barkono zuwa ga Gwaggo

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya ƙafa, yaya kaɗaici? Auta ta iso lafiya. Inna ta karɓe ta, tun a daren farko suka haɗa kai a kaina.

Zan fara da mara daɗin, don kada ki ce na ɓoye. Na kunnen ya wuce fitila. Likita ta taɓa shi ta ce ya yi kauri, hasken ba zai kai gindinsa ba. Sun ɗebi ɗan kaɗan don gwaji, kuma za a yanke gefen kunnen na sama. Ta lalube wuyan Auta da bayan kunnen, ta ce ba ta ji alamar ya tafi ko'ina ba, wurin kuma mai ciruwa ne gaba ɗaya. Da Auta ta fita na tambayi likita ko da an zo tun takardata ta farko da kunnen ya tsira. Dutse nake nema in jefe ki da shi. Ta ce ba ta sani ba, mai yiwuwa ya riga ya yi zurfi tun kafin in gan shi. Haka na dawo da dutsena a aljihu.

Na goshi da kunci kuwa an yi musu fitila yau da safe, za a maimaita nan gaba. Da aka haska shuɗiyar tocilar, Auta ta matso da madubi har yana taɓa hancinta, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe ina da ado haka ban sani ba." A ƙarƙashin jar fitilar ko tari ba ta yi ba, sai leɓenta da ke motsi. Na ɗauka addu'a ce, ashe ƙirgen saƙa take yi. Nas ta ce mini, "Ka gani? Babu wanda ta zaga." Da aka gama, jan ya koɗe. Likita ta ce madalla, Auta ta ce, "Wannan kalmar na san ta."

Yanzu muna gida, rigima ta tashi. Ta ce ta ji ƙarar titi, tana so ta leƙa. Na ce babu inda za ta. Ta ce, "Jan ya koɗe, da idona na gani." Na juya mata kuncina na ce ta gaisa da wanda ya riga ta faɗin haka. Ta ce, "Na baro kurkuku na biya kuɗin mota na zo wani, mai gadin ma ƙarami ne." Na ce mai gadin ya ji.

Tagar ɗakin Inna gabas take kallo, labulenta kuma shara-shara ne. Na ciro nawa na ƙara, na kafa bargo a sama da ƙusa. Na roƙi maigidana hutu, na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofa. A nan nake rubuta miki, tana ciki tana saƙa a duhu tana kirana Gwaggo Ƙarama.

Ina kare ta. Ki duba da kyau, babu ƙugiya, kuma wannan karon da gangan ne.

Amma kwana biyu ne, Gwaggo. Rana ta uku da la'asar sakaliya za ta sa hularta da safarta, in kai ta ta ga titin da take ji, ta ga shagonmu da ragar da ta yaudare ni. Wannan ko ke kika zo kika tsaya a ƙofa sai mun fita.

Ɗanki,
Barkono

Daga Gwaggo zuwa ga Barkono

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, gidan ne ya yi girma.

Na bi takardarka da jan biro. Kurakurai kamar kullum, in ban da layi ɗaya.

Ina tafe kafin ranar wuƙa. Ka gaya wa Auta wannan karon ni zan riƙe kwano. Ka kuma tambayi likitarku ko za ta bar tsohuwa ta shiga ɗan ɗakin nan ranar maimaici. Ina so in ga jan da idona, in ga ya koɗe.

In kwana biyun sun cika, ka cire bargon ka mayar da kujerar inda ka ɗauko ta, ko awa ɗaya kada ka ƙara. Na san kujerar nan. Zama a kanta ba wuya, tashin ne.

Gwaggonka